Katakon Tsohuwar Kan Dutse

Da labarin rasuwar Kawu ya iso benenmu na unguwar Minguettes, a bayan birnin Lyon na Faransa, kowa ya karɓe shi da irin halinsa. Maƙwabciyarmu 'yar Cadi ta zube a kan matakala da ledar cefanenta tana salati, ta tare wa masu hawa da masu sauka hanya. Maigidana, wanda a hannun Kawu ya koyi aikin katako, ya shiga ya wanke hannu, ya fito, ya sake komawa ya wanke. Wani dattijo ɗan Maraɗi, da ba sa haɗuwa da Kawu su rabu ba gardama, shi ya fi kowa kuka, yana share ido da hannun riga yana tambayar wa ya rage da zai riƙa yi wa musu. Washegari manyanmu na Paris suka sauka a jirgin ƙasa, falo ya cika da manyan riguna da ƙamshin turare. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, kuma tun shayi bai huce ba aka shiga maganar jirgin saman da zai kai gawa Damagaram.

Ni ban yi kuka ba, kuma na ga mata suna satar kallona. Ba ƙeƙashewar zuciya ba ce. Na ɗaukar wa Kawu alkawari cewa ba zan bari a liƙe gawarsa cikin akwatin ƙarfe ba, ga shi tun ba a je ko'ina ba ana tsara yadda za a liƙe shi. Tsoro ne ya tare mini hawaye. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don waɗanda har yau ba sa amsa gaisuwata su ji yadda abin ya kasance.

Kawu wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Matarsa ta rasu tun suna Damagaram, bai sake aure ba, bai bar ɗa ba, sai ni da ya ɗauko ya riƙe. Dogo ne ƙwarai, irin dogon da sai ya sunkuya a ƙofar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga siririn wuya, ga hular ulu da ba ya rabuwa da ita ko da rani. Fensir kullum a bayan kunne, har a sahun salla. Liman ya gaji da yi masa magana ya ƙyale shi. A gida masassaƙi ne, na turmi da akushi da ƙotar fartanya. A nan ya fara da ƙera akwatunan kaya a ɗakunan ajiya na Aubervilliers, gefen Paris, kafin wani Bafaranshe mai kamfanin ƙawata gidaje ya ga hannunsa ya janyo shi Lyon, kusa da duwatsu.

Aikin nasu sai na yi bayani, don a gida in ka faɗa ba a yarda. Masu hali na Paris da Lyon suna gina gidajen katako can kan duwatsun Alp, inda suke zuwa hutu lokacin ƙanƙara. Shale suke kiran irin gidan. Gida sabo fil, amma ba sa son cikinsa ya nuna sabunta. So suke ya yi kama da ɗakin talakan makiyayi na zamanin kakanni. To aikin Kawu ke nan. Ya bi ƙauyuka ya sayi tsohon garken shanu ko rumbun ciyawa da ya kusa faɗuwa, ya kwance shi, ya kankare katakon da rana da ruwa suka mayar ruwan toka, ya lulluɓe bangon falo da shi. Ya gicciya ƙaton gungume a saman ɗaki ko da ba abin da yake tallafe. Ya sa a gina murhun dutse, ya shimfiɗa buzun tunkiya a gabansa, ya rataye ƙararrawar shanu da tsohon bokitin tatsa, ya jera kujerun da aka huda wa jingina. Ni kuma nake ɗinka labule da rigunan matashi da yadi ja da fari mai gida-gida, wanda nake sarowa a hannun mutanenmu a unguwar Château Rouge ta Paris. Ba na jin akwai matar lauya ko ɗaya da ta san labulen kakanninta daga shagon Bahaushe ya fito.

Kawu yakan yi wa abin dariya. "Ɗiyata," in ji shi, "mu mun gudo daga ɗakin da akuya ke kwana, su kuma suna biya a mayar musu da warin akuyar." Amma dariya daban, aiki daban. Kafin ya yanka katako sai ya shafa shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa ya saurara kamar mai sayen tukunya. Shi ya koya mini cewa akwai melez, jan itacen da ruwa ba ya ci, na waje ne. Akwai kuma sapen, fari mai taushi, na ciki, wanda in ya taɓa ƙasa ba ya daɗewa. Ba ya son ƙusa, turakun itace yake fiƙewa ya haɗa da su. Ba ya son fenti, wai yana hana katako numfashi. Duk shalen da ya gama, kafin ya ba da makulli, sai ya ja buzun gaban murhu ya yi nafila a kai, ya mayar da shi inda yake. Masu gidajen ba su san an riga su sa goshi a falonsu ba.

Mu ma bai bar mu haka ba. Da na haihu, ya ga yadda bangon siminti yake tsattsafo da sanyi a ɗakin yarinya, ya yi ta hawo da guntayen katako a kafaɗa har ya rufe bangon duka. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, suna tsokanata wai matar shale. Bangon yana nan, kuma shi kaɗai ne wuri mai ɗumi a gidan.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci ƙwarai. Wata shekara tsohon katako ya yi wuyar samu. Maigidana, lokacin yana saurayi mai jin shi ma ya waye, ya kwaso dabara a wajen wasu: ya ɗauki sabon katako ya yi ta tsula masa sarƙar keke, ya huhhuda shi kamar cin ƙwaro, ya shafe shi da ruwan kofi. Kawu ya shigo ya tarar.

"Mi katakon nan ya yi maka?"

"Kawu, kowa haka yake yi. Su ba su ganewa."

"Ni na gane." Ya karɓe sarƙar ya jefa bayan shago. "In tsoho kake so, tahi ka nemo tsoho, ko ka zauna ka jira."

Suka daɗe ba sa sa hannu kwano ɗaya. Ni na sha wahalar, don lokacin ana maganar aurenmu, kuma kowannensu ni yake kawo wa ƙarar ɗayan.

Labarin katakon tsohuwa kuwa kuskure ne da ba mai yin sa sai mutuminmu. Wani manomi a wani ƙauye can ƙurya, inda hanya take ƙarewa, ya sayar wa Kawu da rumbun ciyawarsu da duk abin da ke ciki, lokacin mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. A saman rumbun, ƙarƙashin rufi, Kawu ya tarar da wasu allunan sapen ɗaure da igiya, an lulluɓe su da tsohon bargo. An goge su sumul, wasu dogaye wasu gajeru, sun bushe sun yi launin zuma. Ya dawo yana murna kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce wani ne ya yi niyyar ƙera wa amarya ma'ajiyar tufafi, ajali ya riga shi. Ya kai su wani shale da ake yi wa wata madam ta Paris a ƙauyen da ke ƙasa, ya jera su a bangon ɗakin kwana, saitin kan gado. Na je rataya labule na gani, wallahi ɗakin ya yi kyau.

Muna cikin aiki sai ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa da baƙin ɗankwali da sanda, ta tako tun daga ƙauyensu. Ba ta kula kowa ba, ta bi ɗaki-ɗaki har ta tsaya gaban bangon, ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta ce wa Kawu, da Faransancin mutanen dutse da sai ka kasa kunne:

"A cikin waɗannan za a binne ni."

Sannan ta yi bayani. A ƙauyukan nan na sama, in ƙanƙara ta rufe hanya ba mai hawa ba mai sauka, mutuwa kuma ba ta jiran a buɗe hanya. Don haka kowane magidanci tun da ƙarfinsa yake sare itace, ya yanka allunan akwatin gawarsa da na matarsa, ya ajiye a saman rumbu. Mijinta ya yanka nasu tun suna da ƙuruciya. Nasa sun tafi da shi. Nata ne ɗan ya haɗa ya sayar, ko bai sani ba ko ya manta, Allah masani.

Ina Kawu zai gane? Mu likkafani da makara muka sani. A kai mutum a kwantar da shi a ƙasa, a dawo da makarar masallaci. Duk ɗan ƙauyen da ya ga allunan nan masu tsukewa ta gefe ɗaya zai ja da baya ya cire hula. Kawu kuwa adon kan gado ya gani.

Fuskar Kawu ta sauya. Ya cire fensir daga kunne ya sa a aljihu, abin da ban taɓa gani ba, ya ɗauko ƙarfen ɓamɓara. Madam ɗin tana gidan ranar. Ta ce ta biya, bangon nata ne, labarin ma ya ƙara masa daraja, za ta riƙa ba baƙinta. Mai kamfani ya ce in Kawu ya taɓa allo ɗaya ya kwashe kayansa ya tafi. Ni ma na ja shi gefe, don lokacin ina da cikin fari, kuma da aikin nan muke ci.

"Kawu, ka yanka mata wasu mana. Katako ya ƙare a duniya ne?"

"Mijinta ya yanka waɗannan," ya ce. "Ni ba mijinta ba ne."

Ya cire su ɗaya bayan ɗaya a hankali, ya toshe ramukan turaku, ya goge, ya ɗaure da igiyarsu, ya saɓa a kafaɗa. Na tsaya a taga ina kallon su suna hawa hanya cikin ƙanƙara, dogo a gaba da kaya, 'yar tsohuwa a baya tana nuna masa da sanda inda zai taka. Aikin ya tafi. Mun ji jiki a hunturun nan, har sharar ofisoshi na yi da tsohon ciki, kuma na daɗe ina jin haushinsa. Daga baya ya kama ɗan shago nasa na kansa a bayan unguwa, shi da maigidana. Duk kaka tsohuwar takan aiko masa da cuku mai warin da sai a baranda muke ajiye shi, kuma Kawu kaɗai ke iya ci.

Tsoron akwatin ƙarfe daga baya ya same shi. Wani abokinsu direba ya rasu a Paris, aka zaɓi Kawu ya raka gawa gida. Dokar jirgin sama ita ce sai an sa mamaci cikin akwatin kwano, irin kwanon rufi, a liƙe bakinsa da dalma ta ko'ina, ɗan sanda yana tsaye ya buga hatimi. Kawu ya ga an yi da idonsa. Da suka isa gida aka ce ba a buɗewa, ga zafi, ga daɗewar da aka yi a hanya. Aka faɗaɗa kabari aka zura shi haka nan da ƙarfensa. Uwar mamacin ba ta ga fuskar ɗanta ba, gefen kwano ta shafa.

Kawu ya dawo ya rame. Wata rana ina aunin labule a shago, ya kashe injin zarto ya ce:

"Ɗiyata, mutumin nan yana gida, amma ƙasar gida ba ta taɓa shi ba. Ba kuma za ta taɓa shi ba. Yana nan kamar kifin gwangwani har a busa ƙaho."

Na ce ya bar irin wannan magana.

"Saurara. In tawa ta zo a nan, kada ki bari a liƙe ni. Ƙasa duk ta Allah ce. A sa ni cikin abin da zai ruɓe ya bar ni in isa. Ce kin ɗauka."

Na ce na ɗauka, don in samu ya kunna injin mu ci gaba da aiki. Ba wanda ya ji sai ni.

Ciwon ya kama shi a bakin aiki, ana gaggawar gama wani shale kafin hutun Nowel, wato Kirsimeti. Yana kan tsani yana daidaita gungume, ya sauko da ƙafarsa, ya zauna kan buzu, ya ce wa maigidana ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin motar asibiti ta gangaro da shi Lyon rai ya yi halinsa.

Da yake ni ce jininsa mafi kusa a ƙasar nan, hannuna hukuma take jira, ko na tafiya da shi ko na binnewa. A falo kuwa ba mai tambayata. Alhaji, aminin Kawu tun na kiwo, shugaban mutanenmu a Paris, ya riga ya kira Damagaram ya yi wa Inna, mahaifiyata, alkawarin zai kai mata ɗan'uwanta. Da na aika maigidana ya faɗa musu wasiyyar, aka ce wa ya ji, ina shaida. Ya dawo ya ce mini, "Ki sa hannu kawai, kin fi manya sani ne?" Na ce masa, shi da ya ci abincin Kawu shekara da shekaru, ashe har yanzu sarƙar keken ce a hannunsa. Maganar ta yi zafi, na sani, kuma ban janye ba.

Na ƙi sa hannu. To amma ƙin nawa ba binnewa ba ne. Kawu yana kwance a ɗakin sanyi na asibiti, mutumin da ko da rani ba ya cire hular ulu. Kowace safiya sai an bugo waya cewa wa'adin doka yana ƙarewa. Kowace safiya sai wata ta zauna kusa da ni ta tuna mini cewa jinkirta gawa zunubi ne, kuma a kaina yake. In na rufe ido dalma nake gani tana narkewa tana bin gefen murfi. Na rasa inda zan sa kaina. In na sa hannu na ci amanar matacce, in na ƙi ina wahalar da shi, ko ta ina ni ce mai laifi.

Alhaji ya koma Paris neman takardun jirgi, na bi shi. Na bar yarinya wajen maƙwabciya, na hau jirgin ƙasa, na shiga metro har Château Rouge. Na same shi a shagonsa tsakanin bandiran atamfa, wani liman yana gefe yana jan casbi. Na durƙusa muka yi doguwar gaisuwa, ya haƙuri, ya haƙurinmu, kamar ba abin da ke tsakani.

"Baba Alhaji, don Allah, don zumuncin da ke tsakaninku."

"Tashi, ɗiyata. Kina tsammani ban san halinshi ba? Amma na ce ma uwarki ina kawo shi. Kuma gaya mini, in an bar shi nan, mi za a yi? Nan ma doka ta ce sai da akwati. Kin ga na masu jana'izarsu? Fenti kamar mota, roba a ciki, hannuwan ƙarfe. Shi ne zai ruɓe? Akwati dai akwati ne. Gara wanda zai kai shi kusa da uwayenshi."

Gaskiyarsa ce, don na riga na je na gani, ɗaki guda cike da su suna ƙyalli. Liman ya ce a hankali, in da za a samu katako tsura, ba fenti ba roba, a zuba ƙasa a ciki, a kwantar da shi kan damansa a gefen da aka ware wa Musulmi a wata maƙabarta bayan Lyon, to gaggautawa ta fi. Alhaji ya ce, in da. Ya ba ni zuwa Juma'a, ya ce bayan nan zai nemi hanyar da ba sai da hannuna ba.

Daga tasha shagon Kawu na wuce. Katako ga shi jibge har rufi, amma duk na bango ne, siriri, tsagagge, ƙwaro ya ci, irin wanda masu kuɗi suke so. Doka kuwa mai kauri lafiyayye take nema. Masu yankan katako duk sun rufe sun tafi hutu, kuma ko sun buɗe, babu ɗayanmu da ya san yadda ake haɗa akwatin gawa. Na zauna kan teburin aikinsa, tsohon tebur mai kauri da ya ƙera da hannunsa, duk tabon zarto da guduma. A nan kukan ya zo. Na ce, Kawu, ka ɗora mini abin da ya fi ƙarfina, ka tafi ka bar ni da maza. Na tashi da niyyar gobe zan sa hannu.

Da hantsi, muna zaune kan tabarmi, maƙwabciya ta leƙa taga ta ce wata motar ƙauye ta tsaya a ƙasa da ƙanƙara a rufinta. Ashe manomin nan, ɗan tsohuwar kan dutse, ya bugo waya shago yana tambayar ranar jana'iza, maigidana ya faɗa masa rikicin da ake ciki, bai gaya mini ba. Na'urar hawa bene ta lalace kamar kullum, don haka an daɗe kafin a ƙwanƙwasa. Tsohuwar ce, ta ƙara ƙanƙancewa, ɗanta yana biye da ɗauri a kafaɗa. Ba ta taɓa zuwa Lyon ba a rayuwarta. Ta ga takalmanmu a ƙofa ta cire nata, ta zauna tsakanin mata, ta haɗa hannuwa ta yi irin tata addu'ar. Aka kwance bargon a tsakar falo. Allunan nan ne, launin zuma, ga toshiyar ramukan da Kawu ya yi.

"Sapen ne," ta ce mini. "Ba ya daɗewa a ƙasa. Don haka mijina ya zaɓe shi."

Na ce, "Kaka, ke fa?"

"Ni ɗana zai saya mini mai ƙyalli, dama shi yake so." Ɗan ya sunkuyar da kai, ita ta ci gaba. "Mutumin nan ya ɗauke su a kafaɗa ya kai mini har gida. Yanzu su ɗauke shi."

Maigidana ya durƙusa ya zaro ma'auni. Na ga hannunsa ya tsaya. An yanka allunan ne daidai tsawon 'yar tsohuwa, Kawu kuwa Kawu ne; sun gaza da kusan kamu guda. Na ce a raina shi ke nan, har wannan ma an hana ni. Ya ɗaure su, ya saɓa, ya fita, muka bi shi har shago ni da tsohuwa. Ya daɗe tsaye gaban teburin Kawu. Sannan ya kwashe kayan aikin da ke kai ɗaya-ɗaya, ya ɗauko zarto. Teburin nan, shi ma sapen, shi kaɗai ne katako mai kauri lafiyayye a shagon. Ya yanka shi, ya fiƙe turaku, ya yi ƙari wajen ƙafa, ba ƙusa ko ɗaya. Tsohuwar tana zaune kan akwatin kaya tana nuna masa da sanda wanne ne gefe wanne ne murfi. Jami'in da aka turo ya auna kauri, ya taɓe baki, ya ce abin ba kyau, amma doka ba ta hana muni ba.

Alhaji ya iso da takardun jirgi a aljihu. Ya zagaya akwatin, ya ga gaba launin zuma, baya tabon guduma. Ya shafa wajen ƙafa, ya gane teburin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan aikin gidanshi ne," ya ce. Sannan ya dube ni. "To, na ji. Amma ni ba ni kiran uwarki. Ke za ki gaya mata da bakinki."

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka abin da maigidana ya faɗa mini na sani. An fasa ƙasar da ta daskare, an zuba wata a cikin akwatin, an kwantar da shi kan damansa fuskarsa tana kallon alƙibla. Dattijon nan ɗan Maraɗi ne ya shiga ramin ya karɓe shi. Ni da tsohuwa muna gida, ta riƙe hannuna tana shan shayinmu tana cewa sukari ya yi yawa.

Sai da aka binne na je gidan waya. Da gangan na jira, don na san in Inna ta ce a'a da bakinta ba zan iya tsallakewa ba. A Damagaram sai an aika an kira ta zuwa gidan wani ɗan kasuwa mai wayar talho, don haka na tsaya ina jin hayaniyar gida cikin waya, kukan akuya, muryar yara, wata tana daka. Ta zo tana haki.

"Yaushe jirgin zai sauka? An share ɗakinshi, mutane sun zo tun daga ƙauye."

Na gaya mata. Na gaya mata wasiyya, da dalma, da tsohuwa, da tebur.

"Shi kaɗai ya rage mini," ta ce. "Na jira ya dawo da ƙafarshi har na gaji, na ce to ko a kwance. Kin bar mini ɗan'uwa cikin ƙanƙara, cikin katakon wata."

"Inna, shi ya ce."

"Ke kika ji. Ni ban ji ba."

Ta ajiye.

Tun ranar ba ta sake zuwa wayar ba. Na aika mata kaset da muryata da ta jikarta, matafiyin da na ba ya dawo mini da shi. Duk da haka ina zuwa gidan waya, a aika, in tsaya ina jin dakan gidan mutane, a dawo a ce ba ta nan. Ban san ko za ta yafe mini kafin ɗayanmu ya bi Kawu ba, kuma abin yana cin raina fiye da yadda zan iya rubutawa.

Hunturu ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce. Juma'ar nan maigidana ya je ziyara, ya dawo ya ce kabarin ya lotsa a tsakiya, wai zai kai ƙasa ya cike. Na ce ya bari tukuna. Na shiga ɗakin yarinya, na jingina da bangon Kawu, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Katakon tsohuwa ya ruɓe, ya saki Kawu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa inda yake kwance, ya sa ƙasar da ta karɓe shi baƙo ta yi masa sauƙi. Ya ba tsohuwar kan dutse mai ɗaukarta ranar da tata ta zo. Ni kuma gobe zan koma gidan waya in tsaya. In Inna ta zo, magana ɗaya ce da ni, ko da za ta ajiye bayan ta ji: ƙasa ta taɓa shi.